Safar Hannu Mai Yatsu Huɗu: Abin da Katun Ya Gadar wa 'Yan Furi

Duk wanda ya taɓa ganin bidiyon taron 'yan furi a birnin Pittsburgh na Amurka, inda manyan mutane ke jerin gwano sanye da rigunan gashi masu kan kyarkeci da yanyawa da damisa, ya sake kallo ya dubi hannuwansu. Galibin safar hannun da suke sawa yatsu huɗu gare ta. Shi wanda ke cikin rigar yatsunsa biyar, don haka dole ya cusa biyu a gida ɗaya. Wannan hannu mai babban yatsa da wasu uku masu kauri ba na mutum ba ne, babu kuma dabbar dawan da ke da irinsa. Hannun Mickey Mouse ne da Bugs Bunny. Masu zanen katun na shekarun 1920 ne suka rage yatsa ɗaya, saboda yatsu biyar suna cunkushewa a kan tafin da aka zana kamar ƙwallo, kuma rage yatsa guda sauƙi ne babba ga wanda zai maimaita hannun sau dubbai. Dabarar rage wahala ce a ɗakin zane, amma ga ta yau ana ɗinka ta da zare da allura ana sawa a jiki.

'Yan furi mutane ne da suka haɗu a kan sha'awar dabbobi masu siffa da halin ɗan Adam: suna tsayuwa da ƙafa biyu, suna magana, suna sa tufa. Sunan ya fito daga kalmar Ingilishi mai nufin gashin jikin dabba. Kusan kowane ɗayansu yakan ƙirƙiri wata dabba da ke wakiltarsa, ya raɗa mata suna, ya zaɓa mata launi da hali, su kuma suna kiranta fursona. Taronsu na farko an yi shi a watan Janairun 1989 a Costa Mesa ta jihar Kalifoniya, mutum 65 ne suka je. Taron Anthrocon na Pittsburgh a 2024 ya tara sama da mutum 17,000, kuma ɗaya ne kawai daga cikin taruka masu yawa da ake yi a Amurka da Turai da Asiya.

Ana yawan cewa katun ne ya haife su. Wasu sukan faɗi haka don su tsoratar da iyaye, wasu kuma daga cikin 'yan furin sukan musanta, su ce ai sha'awar dabba mai kamar mutum ta girmi sinima da dubban shekaru. A ganina duka biyun sun kauce. Katun bai koya wa kowa son dabba mai magana ba. Abin da ya bayar shi ne fuska, wato tsayayyar hanyar zana dabba wadda yaro ɗan shekara goma sha biyu zai iya kwaikwaya, tela kuma zai iya ɗinkawa. Bayan ya ba da wannan fuskar sai masana'antar ta ce wa waɗanda suka girma da ita su tashi su ba yara wuri, su kuwa suka kwashe ta suka tafi da ita.

Masu cewa abin daɗaɗɗe ne suna da hujja. A kogon Hohlenstein-Stadel na Jamus an tono wani gunki na hauren giwar zamanin da, jikin mutum da kan zaki, wanda ake ƙiyasta shekarunsa tsakanin 35,000 da 40,000. Misirawan dauri sun zana abin bautarsu Anubis da kan dila. Kalila wa Dimna, wanda Ibn al-Muƙaffa ya mayar Larabci a ƙarni na 8, diloli biyu ne ke zance a fadar zaki. Mu ma ba a bar mu a baya ba: Gizo da Ƙoƙi, Kura da kwaɗayinta, Dila malamin daji. Sai dai a nan hujjar take juyowa kan masu ita. An yi ɗaruruwan shekaru ana ba da labarin Gizo a tsakar gida, amma a tara mutum goma a ce kowa ya zana Gizo, za a samu Gizo goma. Ƙafafunsa nawa? Yana sa riga? Mutum ne mai halin gizo-gizo, ko gizo-gizo ne mai bakin mutum? Tatsuniya ba ta damu da amsawa ba, abin da muka riƙe nasa shi ne tsamin baki da wayo. Dabbar tatsuniya murya ce da hali, ba ta da tsayayyar siffa, kuma ba a iya gina al'ummar masu zane da masu ɗinki a kan abin da ba shi da siffa.

Wannan giɓin katun ya cike, kuma larurar sana'a ce ta sa. Fim yana tafiya da hoto 24 a kowace daƙiƙa. Ko da an bar kowane zane ya zauna hoto biyu, ana buƙatar zane 12 a daƙiƙa, wato 720 a minti ɗaya, sama da 5,000 a ɗan gajeren fim na minti bakwai. Mutum ɗaya ba zai iya ba, sai an raba wa hannuwa da yawa, kuma dole abin da kowa ya zana ya yi kama da na ɗan'uwansa. Zanen mutum a nan wahala ne, domin idonmu ya ƙware da fuskar ɗan Adam, ƙaramin kuskure a hanci ko a tafiya nan take za a gani. Kyanwa kuwa babu mai tuhumarta don ta yi tafiya ba daidai ba. Shi ya sa taurarin farko suka kasance dabbobi: Felix a 1919, Mickey a 1928. Don a haɗa kan masu zane sai aka fito da takardar samfuri, wadda ke nuna dabbar ta gaba da ta gefe da ta baya, da tsawonta gwargwadon kawunanta nawa, da yadda fuskarta take in ta yi fushi ko mamaki, da launin kowane sashe.

Duk ɗan furin da ya ɗauki abin da muhimmanci yana da irin wannan takarda ta fursonarsa: gaba, baya, launuka a jere a gefe, da bayanin inda ɗigo yake a kunne ko zobe a jela. Ita yake tura wa mai zanen da zai biya ya yi masa hoto, ita yake tura wa mai ɗinkin riga. Ba daga tatsuniya aka samo wannan ba, kayan aikin ɗakin katun ne aka fitar waje.

A dubi kuma abin da aka yi wa fuskar dabbar kanta. Idon barewa da na zomo a gefen kai suke, katun ya dawo da su gaba don su kalli mai kallo. Yawancin dabbobi ba a cika ganin farin idonsu ba, katun ya sa fari mai faɗi, domin da shi ake gane inda ido ya dosa. Ya ƙara gira. Ya gajarta dogon baki, ya ba shi leɓe da kumatu don ya iya murmushi ya kuma furta kalma. Abin da ya bari na dabba shi ne kunne da jela, kuma riba ce, saboda su ma suna magana: kunne ya kwanta an san tsoro ne, jela ta miƙe an san fara'a ce. Sakamakon shi ne fuskar da ta fi ta mutum saurin karantuwa. Lokacin da kamfanin Disney ke shirya Bambi, wanda ya fito a 1942, an kawo barewa masu rai ɗakin aiki, an ɗauko mai zane Rico Lebrun ya koyar da ƙirar jikin dabba, amma fuskar ɗan barewar ba ta yi abin da ake so ba sai da Marc Davis ya nazarci fuskokin jarirai ya ɗora mata. Masanin halittu Konrad Lorenz ya bayyana dalilin tun 1943: babban kai, manyan idanu da suka sauko ƙasa, gajeren hanci da kumatu suna tayar da tausayi a zuciyar mutum ko bai shirya ba. A 1979 Stephen Jay Gould ya ɗauki ma'auni ya auna Mickey na shekaru hamsin, ya samu idonsa ya girma daga kashi 27 cikin ɗari na tsawon kansa zuwa kashi 42. Daga ƙarshen shekarun 1940 kuma littafin koyon zane na Preston Blair, mai araha, ya bazu a hannun matasa yana nuna musu yadda ake tayar da irin wannan kai daga ƙwallo ɗaya da layuka biyu masu gicciye.

Inda gadon ya fi fitowa fili shi ne wajen haɗa rigar. Ita ce aka fi sanin 'yan furi da ita, duk da cewa binciken da aka yi a kansu ya nuna marasa rinjaye ne ke da ita, don cikakkiyar riga daga hannun gwani dubban daloli take ci. Kan ake fara yi. Ana naɗe soson katifa mai kaurin rabin inci zuwa inci ɗaya ya zama kamar bokiti daidai kan mai shi, a manna da gam mai zafi, sannan a yanko baki da kumatu da gira daga soso mai kauri a sassaƙa su da almakashi. Wasu yanzu da injin buga abu mai siffa suke fitar da ƙashin kan. In siffa ta fito sai a lulluɓe ta da salatif, a zana layukan ɗinki a kai tare da kibiyoyi masu nuna inda gashi zai kwanta, a yanke salatif ɗin gunduwa-gunduwa, shi ne ya zama samfurin da za a yanka yadi a kansa. Yadin gashin roba ta baya ake yanka shi da reza. Wanda ya sa almakashi ta gaba ya datse gashin, ɗinkin zai fito da sanƙo. Bayan an ɗinke an manna sai a bi fuskar da kilifar aski a rage gashin, in ba haka ba duk sassaƙar da aka yi za ta nutse. Kuskuren sabon shiga bai wuce uku ba: gashin kumatu ɗaya ya kalli sama na ɗayan ya kalli ƙasa, ɓangarorin fuska biyu su ƙi daidaita, ko a cika fenti a ragar ido ramukanta su toshe mai rigar ya daina gani.

Idon shi ne katun tsantsa. Farin roba ne babba, tsakiyarsa raga ce da aka yi wa fenti, ta nan mai rigar ke leƙe. In aka tura ƙwayar idon ciki kaɗan, kamar gindin kofi, sai ya zama duk inda ka tsaya kamar kai yake kallo. Akwai masu yin kai mai kama da dabbar gaske, da ƙananan idanun gilas, mai rigar yana gani ta wata 'yar raga a kusurwar ido, amma su ne 'yan kaɗan. Salon da ya fi yawa sunansa ma daga kalmar katun aka ciro shi. A Jafan kuwa, inda katun ɗinsu ke da manyan idanu masu sheƙi da ɗan mitsitsin baki, rigunan da ake kira kemono haka suke fitowa sak. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe: rigar kowace ƙasa kamannin katun ɗin ƙasar take ɗauka, ba na dabbobin dajinta ba.

Jikin kuma sai an yi gunkin mai shi. Yakan sa tsofaffin kaya, a naɗe shi da salatif mai ƙarfi rufi biyu ko uku, a tsaga a fitar da shi, a aika wa mai ɗinki ya cusa tsumma ya yi awo a kai. Mai son ƙafar baya irin ta kare, mai lanƙwasa, sai a sa masa matasai a gaban cinya da bayan ƙwauri. Babban abokin gaban wannan kaya zafi ne, ta fuska biyu. Gashin roba yana ƙanƙancewa in ya ji wuta, don haka ba a sa shi a injin busarwa mai zafi, ba a kuma barin kan a mota cikin rana, gam ɗin zai saki. Shi kuma mutumin da ke ciki yana naɗe ne da soso da gashi, zufa ba ta da mafita. Shi ya sa ake sa 'yar fanka mai batir a cikin bakin, ake ware ɗaki a kowane taro mai manyan fankoki da ruwan sha inda ake tuɓe kai a huta, ake kuma haɗa mai riga da ɗan rakiya, tunda ba ya ganin abin da ke gabansa a ƙasa, balle yaron da ya rugo ya rungume shi. Fuskar rigar ba ta motsi, da yawa daga masu sa ta kuma ba sa magana, saboda haka da jiki ake isar da komai: a ja baya kafin a yi gaba, a kambama kowane motsi, a karkata kai don murmushin ya koma tambaya. Biyun farko suna cikin ƙa'idoji 12 na motsa zane da tsofaffin ma'aikatan Disney biyu, Frank Thomas da Ollie Johnston, suka rubuta a 1981.

To wane katun ne? A nan masu cewa "katun ne" a dunƙule suke tuntuɓe. Dabbobin katun da suka fi shahara a duniya ɓera ne da agwagwa da zomo. Da shahara ce ke aiki, da taron furi ya cika da ɓeraye da agwagi. Amma ƙididdigar da ƙungiyar masu bincike ta Furscience ta daɗe tana yi tana nuna kyarkeci da yanyawa da kare da dangin kyanwa da dodon almara diragon ne a sahun gaba. Dalili a ganina a fili yake: ba wanda ke son ya zama abin dariya. Gajerun katun na barkwanci sun ba da dabarar zane, amma dabbar da mutum zai ce "ni ne wannan" daga fina-finan jarumta ta fito.

Shi ya sa Robin Hood na Disney, na 1973, yake da matsayin da ya fi ƙarfin ingancinsa. Fim ne da aka yi da tsumulmular kuɗi, har an sake amfani da motsin rawa daga tsofaffin fina-finan kamfanin. Amma ya zo da abin da ba a saba gani ba a dogon fim: duniya ce da babu ɗan Adam ko ɗaya, jarumin yanyawa ne, dabbar da a tatsuniyar Turai take riƙe da matsayin dila a tamu, kuma ƙirar jikinsa ta baligi ce, da kafaɗa da tsawo, yana da budurwa, yana da abin da yake yaƙi a kai. Bambi dabba ce mai ƙafa huɗu, Mickey ɗan barkwanci ne, wannan kuwa mutum ne cikakke da fuskar dabba. Tsofaffin 'yan furi da yawa shi suke ambata in an tambaye su mafari. Masu tasowa a shekarun 1990 kuma nasu The Lion King ne na 1994, da Balto na 1995, da wasannin kwamfuta irin Sonic da Pokémon.

Rabin labarin ke nan. Ɗaya rabin shi ne korar da aka yi. Gajerun katun na kamfanonin Warner da MGM don sinima aka yi su, manya da yara suke kallo kafin babban fim. Da talabijin ya kashe wannan kasuwa, MGM ta rufe ɗakin katun ɗinta a 1957, aikin ya koma talabijin da kuɗi kaɗan da zane kaɗan. Kwalar da ke wuyan Yogi Bear ma dabara ce ta raba kai da jiki, don a riƙa motsa kan kawai a bar jikin a tsaye. Katun ya koma abin safiyar Asabar, tsakanin tallan kayan wasa da na abincin yara, har ya zauna a zukatan Amurkawa cewa dabba mai magana ta yara ce. Saurayi ɗan shekara ashirin da biyar da har yanzu yake son wannan salo, yake kuma son a ba da labarin yaƙi ko siyasa ko soyayya da shi, ba shi da inda za shi.

Sai suka yi wa kansu. A 1976 Reed Waller da Ken Fletcher suka fara Vootie a Minneapolis, mujallar da 'yan ƙungiya ke haɗawa da kansu. Tsarin mai sauƙi ne: kowa ya zana shafukansa, ya yi fotokwafi adadin 'yan ƙungiyar, ya aika wa mutum ɗaya ta gidan waya, shi kuma ya jera ya ɗinke ya mayar wa kowa kwafinsa. A 1977 Fred Patten da Mark Merlino da abokansu suka kafa ƙungiyar kallon katun a Los Angeles, suna musayar kaset ɗin bidiyo, har da Kimba, farin zakin Osamu Tezuka na Jafan. A babban taron masu ƙagaggun labaran kimiyya na 1980 a Boston, Steve Gallacci ya baje zanen Erma Felna, kyanwa hafsan soja a labarin yaƙin sararin samaniya wanda babu wasa a cikinsa, mutane suka taru suna tattaunawa a kai, taruwar kuma ta zama al'ada a tarukan da suka biyo. Mujallar Rowrbrazzle ta fito a 1984. A tsakiyar shekarun 1980 Merlino da Rod O'Riley suka fara kiran liyafa a ɗakunan otal a gefen irin waɗannan taruka, daga nan sunan furi ya kama, daga nan kuma taron 1989 ya fito. A 1990 aka buɗe FurryMUCK, wata duniya ta rubutu zalla a intanet inda sai ka bayyana siffarka kafin ka shiga zance. Wannan ya taimaka ƙwarai wajen mayar da mai kallo ya zama mai fursona.

Wannan jerin ya nuna abin da katun shi kaɗai ba zai iya ba. An kalli Tom and Jerry a Kano da Damagaram da Kumasi kamar yadda aka kalle shi a Kalifoniya, miliyoyin yara a duniya sun yi kukan mutuwar uban Simba a The Lion King, amma a ƙasa ɗaya, Amurka, abin ya tsiro. Can ne ake da tarukan masu sha'awa da aka riga aka saba yi a otal, da injin fotokwafi mai araha, da gidan waya mai aiki, da intanet a jami'o'i tun da wuri, da matasa masu ɗan rarar kuɗi. Binciken da Kathleen Gerbasi da abokan aikinta suka wallafa a 2008 ya samu cewa 'yan furi sun fi sauran mutane cewa suna son katun a yarintarsu. Ina karɓar wannan, amma da taka-tsantsan, domin tambayar babba abin da ya tuna na yarinta ba awo ba ne, kuma wanda rayuwarsa ta cika da dabbobin zane dole ya fi tuna katun. Abin da binciken baya-bayan nan ya ƙara nunawa ya fi ba ni haske: yawancinsu matasa ne, maza sun fi yawa, da yawa sun sha tsangwama a makaranta fiye da tsaransu, kuma masu sha'awar jinsi ɗaya ko jinsi biyu sun fi yawa a cikinsu fiye da a sauran jama'a. Mutumin da yake jin kunya ko tsoron fuskarsa, aka ba shi wata fuskar da aka ƙera musamman don a so ta da ganin farko, ba abin mamaki ba ne ya riƙe ta. Mafi yawansu kuma ba su ɗauki kansu dabbobi ba, sun san riga ce.

Akwai bambanci guda da ya raba su da masoyan kowane fim. Mai son Star Wars yana son abin da kamfani ya mallaka. Ɗan furi ba shi da wani littafi ko fim da kowa ya yarda shi ne tushe, abin da ake so a taronsu shi ne dabbobin da su da kansu suka ƙirƙira, kuɗin kuma tsakaninsu yake yawo, daga mai so zuwa mai zane da mai ɗinki. Yanzu ma ruwan ya fara komawa inda ya fito. Byron Howard, ɗaya daga cikin daraktocin fim ɗin katun Zootopia na 2016, ya faɗi cewa Robin Hood ne ya zaburar da shi, Zootopia kuma ya tara sama da dala biliyan ɗaya da duniyar da babu mutum a cikinta da yanyawa a tsakiyar labari.

Saura maganar da ba ta da daɗi, wadda kuma ɓoye ta rashin gaskiya ne. Tunda mafarin abin shi ne manya suna son labarin manya da dabbobin zane, batsa ta shigo tun farko. Fritz the Cat na 1972 shi ne katun na farko da aka ba shaidar manya zalla a Amurka, wasu zanukan da suka fito daga Vootie ma haka suke. Har yau akwai zanen batsa mai yawa a shafukan furi, kuma su kansu sun yi rigima a kai, har wani ɓangare ya yi bore a 1998 yana neman a tsabtace harkar. Kafofin watsa labarai kuma sun kambama wannan gefen, musamman wata maƙala ta mujallar Vanity Fair a 2001 da wani kashi na CSI, wasan kwaikwayon talabijin na masu binciken laifi, a 2003, har aka ɗauka babu komai a ciki sai shi. Labarin da ya bazu a 2021 da 2022 cewa makarantun Amurka suna ajiye wa ɗalibai masu ɗaukar kansu kyanwa kwanon yashi don bahaya ƙarya ne, makarantun da aka ambata sun musanta, ba a kuma samu ko guda da aka tabbatar ba.

Abin da ya shafi uba ko uwa a Kano ko Maraɗi daga duk wannan ba wai yaro zai kalli zomo mai magana ya tashi yana son zama zomo ba ne. Abin da ya shafe su shi ne salon zane ya daina zama shaidar cewa abu na yara ne. Manyan idanun nan da launuka masu haske da yatsu huɗu iri ɗaya ne a fim ɗin 'yan shekara biyar da a zanen da aka yi don 'yan sama da 18, kuma wanda ya leƙa waya daga nesa ba zai bambance ba. Hatsarin ya fi yawa a wurin neman hoto: yaro ya rubuta sunan dabbar da yake so a injin bincike, sakamakon ya haɗo da zanen da masoya suka yi, ba na kamfanin kaɗai ba. Manyan shafukan zanen furi suna raba aiki gida uku, na kowa da na manya da na batsa, suna ɓoye biyun ƙarshe ga wanda bai yi rajista ba, amma shekarun haihuwa mutum ne ke rubutawa da hannunsa, kuma hoton da aka kwafa aka kai wani dandali ba ya tafiya da alamarsa. Don haka a kunna matatar bincike a Google a kulle ta da asusun iyaye, a bar ƙananan yara a YouTube Kids maimakon babban YouTube, a kuma fi sa ido a kan zaurukan Discord da Telegram, inda hira da baƙi take, fiye da fim ɗin da ke kan talabijin ɗin falo.